Yadda Za Ka Tara Hujja Idan Wani Mai Mabiya Ya Sa Maka Ƙahon Zuƙa a Intanet

A ranar 16 ga Satumba, 2022, wata babbar kotun laifuka da ke birnin Nottingham a Ingila ta yanke wa Alex Belfield hukuncin ɗaurin shekara biyar da mako 26, bayan an same shi da laifin bibiyar mutum huɗu da hana su sakat. Abin da ya ja hankalin jama'a a shari'ar shi ne cewa mutumin bai laɓe a ƙofar gidan kowa ba, bai kuma bi kowa a kan titi ba. Makamansa su ne imel, da Twitter, da tasharsa ta YouTube, da kuma dubban mabiyan da ke jiran ya nuna musu wanda za su far wa. Wannan bayani na wanda ya sami kansa a irin halin da waɗancan mutane suka shiga ne, musamman mazaunin Ingila ko Wales, domin dokar da zan riƙa ambata tasu ce. Scotland da Ireland ta Arewa kowace tana da tata dokar daban.

An haifi Belfield a Nottingham a 1980, kuma ya yi shekaru yana aiki a gidajen rediyo na yankuna, yana hira da fitattun mutane, har ya kai ga gabatar da shirin hantsi a gidan rediyon BBC na Leeds. A 2011 aka ƙi sabunta masa kwantiragi. Daga baya ya koma YouTube da wata tasha mai suna The Voice of Reason, ma'ana muryar hankali, inda ya tara mabiya dubu ɗaruruwa yana caccakar BBC da yadda take kashe kuɗin jama'a. Tuhume-tuhumen da aka yi masa guda takwas ne, sun kuma shafi abubuwan da suka faru tsakanin 2012 da 2021. A watan Agustan 2022 masu taya alƙali yanke hukunci suka same shi da laifi a kan huɗu, ciki har da wanda ya shafi Jeremy Vine, sanannen mai gabatar da shiri a BBC Radio 2, da wanda ya shafi Bernie Keith na gidan rediyon BBC da ke Northampton. Sun wanke shi a kan sauran huɗun, waɗanda suka shafi mata huɗu da suka yi aiki da BBC. Ka riƙe wannan rabuwar hukunci a ranka, domin za mu dawo kanta.

Matakin farko shi ne ka gane abin da ke faruwa da kai, ka kira shi da sunansa. Yawancin waɗanda aka tasa a gaba sukan ɓata watanni suna cewa ai zagi ne kawai, ai zai gaji ya daina. Dokar kare mutane daga tsangwama ta 1997 ba ta kallon saƙo guda ɗaya. Abin da take kallo shi ne ɗabi'ar da aka maimaita, kuma sau biyu ya isa a kira shi maimaici. A 2012 aka ƙara wa dokar sassa biyu da suka ambaci bibiya da sunanta, aka kuma kawo misalan abin da ake nufi: bin mutum, tuntuɓarsa ko ƙoƙarin tuntuɓarsa ta kowace hanya, wallafa wani abu game da shi, sa ido a kan yadda yake amfani da intanet ko imel, zaman dakonsa a inda yake zuwa, taɓa kayansa, da leƙen asirinsa. Ka lura cewa wallafa magana a kan mutum tana cikin jerin. Ba sai wanda ke bibiyarka ya yi maka barazanar duka ba, kuma ba sai ya yarda cewa yana cutar da kai ba, domin doka ta ce ya isa idan ya kamata a ce ya sani. 'Yan sandan Ingila suna da alamomi huɗu da suke aunawa da su: shin mutumin ya kafe a kanka, shin abin ya zame masa jaraba, shin ba ka so, shin yana maimaitawa. Idan amsar duka huɗun e ce, to ka wuce batun saɓanin ra'ayi.

A nan ya kamata a yi adalci ga masu suka. Dokar ba ta hana a soki ɗan jarida ko ma'aikacin gwamnati ko wata hukuma ba, kuma tana ba wanda ake tuhuma damar ya nuna cewa abin da ya yi yana da dalili mai ma'ana, ko ya yi shi ne don hana aikata laifi ko gano shi. Da wannan igiyar Belfield ya rataya: ya gabatar da kansa a matsayin mai fallasa ɓarna da ke amfani da 'yancin faɗin albarkacin baki. A ganina inda hujjarsa ta karye shi ne inda sukan ya bar aikin mutum ya koma kan gidansa da iyalinsa da lafiyarsa, ya kuma ci gaba bayan an ce masa ya daina. Wanda ke sukar shirinka yana magana ne a kan abin da ka faɗa a rediyo. Wanda ke neman sunan matarka ko adireshin gidanka wani abu daban yake nema.

Da zarar ka gane haka, ka daina mayar da martani. Idan ka ga babu haɗari a ciki, ka aika saƙo guda ɗaya tak, gajere, marar zagi, ka ce ba ka son ya sake tuntuɓarka ko ya sake ambatonka, ka adana kwafinsa, daga nan ka yi shiru. Amfanin wannan saƙon shi ne ya zama shaida cewa an gaya masa, ya kuma ci gaba da saninsa. Shirun nan yana da wuya ƙwarai, musamman idan ƙarya ake yi maka a gaban dubban mutane, amma ga mai tashar da ke samun kuɗi daga yawan masu kallo, kowace amsa taka abincin shirin gobe ce. Za a karanta ta a bainar jama'a, a murɗe ta, a kuma nuna ta a kotu a matsayin shaidar cewa rigima ce tsakanin mutum biyu. Ka roƙi 'yan uwa da abokanka su ma su kame bakinsu, domin abokin da ya shiga fagen don kare ka yakan zama na gaba a layi. Wasu daga cikin waɗanda Belfield ya addaba ba su taɓa aiki da shi ba.

Yanzu ga aikin da ya fi kowane muhimmanci, wato littafin ajiye bayani. Shawarar da mutane suka fi bayarwa ita ce ka goge saƙonnin ka manta da su, kuma ita ce shawara mafi muni da za ka bi. Saƙo ɗaya, idan aka ɗauke shi shi kaɗai, ba ya nuna komai. Ɗan sandan da ka kai wa hoton zagi guda zai iya ɗaga kafaɗa ya ce maka intanet ke nan. Amma idan ka ajiye masa jeri mai kwanan wata, wanda ke nuna imel goma sha a dare ɗaya, bidiyo washegari, sannan kiran waya daga baƙi kwana biyu bayan bidiyon, to ka nuna masa abin da doka take nema. Laifin yana cikin jerin ne, kuma kai kaɗai ne kake wurin da za ka iya ganin jerin gaba ɗaya.

Ka samu littafi mai ɗinkakkun shafuka ko ka buɗe takarda a kwamfuta, ka riƙa rubutawa a ranar da abin ya faru, tun kana tuna shi sarai. Kowane shigarwa ya ƙunshi rana da lokaci, da kafar da aka bi, da ainihin kalmomin da aka yi amfani da su, da wanda ya gani, da abin da ya jawo maka. Misali, shigarwa ɗaya za ta iya zama kamar haka: “Talata, ƙarfe 11:40 na dare. Ya sa sabon bidiyo mai tsawon minti 22. A minti na 7 ya ambaci sunana da unguwarmu, a minti na 15 ya ce masu kallo su tambayi shugabana a wurin aiki dalilin da ya sa bai kore ni ba. Na adana bidiyon da adireshinsa. Ban yi barci ba sai bayan ƙarfe huɗu, na kuma kira ofis da safe na ce ba zan zo ba.” Babu ado a ciki, babu zagi, babu hasashen abin da ke zuciyarsa. Ka rubuta shi da sanin cewa wata rana lauyan ɗaya ɓangaren zai karanta shi layi bayan layi yana neman inda ka yi ƙari.

Wajen ɗaukar hoton allon waya ko kwamfuta, ka tabbata sunan shafin da ranar da adireshin saƙon duk sun fito a hoton, kada ka yanke gefensa, kada kuma ka zana komai a kai. Bidiyo da shirin kai tsaye sun fi saurin ɓacewa, saboda mai shi yana iya goge su ko ya ɓoye su cikin daƙiƙa, don haka ka naɗi abin da allon ke nunawa ko ka sauke shi, ka rubuta mintin da aka ambace ka, domin babu jami'in da zai zauna ya kalli sa'a biyu yana neman sunanka. Imel kuwa kada ka wadatu da hotonsa. Ka bar asalinsa a akwatin, ka ware masa jaka ta musamman, saboda a cikin asalin akwai bayanan da ke nuna hanyar da ya biyo. Saƙon murya ma ka adana. Ka ajiye kwafin komai a wuri na biyu wanda ba wayarka ba, domin waya tana faɗuwa, tana kuma ɓata.

Kafin ka toshe shafinsa ko ka kai ƙararsa ga kamfanin kafar, ka fara adana hujjar, saboda idan kamfanin ya cire saƙon, ya tafi da shaidarka. Ka ajiye amsar da kamfanin ya ba ka, ko da ta ce ba a karya ƙa'ida ba. Toshewa tana ba ka hutu, amma tana rufe maka ido daga abin da ake faɗa a kanka, kuma wani lokaci tana sa mai bibiyar ya nemi wata ƙofa. Mafita mai kyau ita ce ka nemi mutum ɗaya amintacce, mai sanyin zuciya, ya riƙa dubawa a madadinka yana adanawa, ya sanar da kai abin da ya shafi tsaronka kawai. Babu dalilin da zai sa ka karanta kowane zagi da idonka.

Sai batun mabiya. Wannan ne ya bambanta mai tasha da tsohon saurayi ko maƙwabcin da ya ƙullace ka. Ba lallai ne ya aiko maka da komai da hannunsa ba. Ya isa ya ambaci sunanka, sauran su ƙarasa. Belfield ya yi wa Jeremy Vine ƙazafin cewa ya saci fam 1,000 na kuɗin BBC dangane da taron tunawa da wani abokinsa da ya rasu, maganar da ba ta da tushe, kuma abin da ya biyo baya shi ne ambaliyar saƙonnin zagi daga mutanen da Vine bai taɓa sani ba. An wallafa adireshin gidansa ga ɗimbin masu kallo, har ta kai ya gargaɗi iyalinsa su riƙa lura da wanda ke zuwa ƙofa. Don haka idan baƙi suka far maka, kada ka rubuta su a matsayin abu daban. Ka nuna alaƙar: ga lokacin da ya yi magana, ga abin da ya ce su yi, ga lokacin da saƙon farko ya shigo, ga waɗanda suka maimaita kalmominsa.

Akwai sashe na biyu na littafin da mutane suka fi sakaci da shi saboda kunya, wato abin da bibiyar ta yi wa rayuwarka. Doka ta raba laifin gida biyu. Bibiya zalla hukuncinta bai wuce wata shida ba. Amma bibiyar da ta sa mutum tsoron za a kai masa hari, ko ta jefa shi cikin tashin hankali mai tsanani da ya yi illa sosai ga harkokinsa na yau da kullum, hukuncinta yana kaiwa shekara goma tun 2017, lokacin da aka ninka shi daga biyar. Dubi yadda wannan ya bayyana a shari'ar Belfield. A kan Jeremy Vine, wanda ya fi kowa suna a cikinsu, mako 13 aka ba shi, haka ma a kan wani mai rubutu game da wasannin dandamali. A kan Bernie Keith, wanda kotu ta ji cewa abin ya kai shi gab da kashe kansa, shekara biyu da rabi aka ba shi, da wata shekara biyu da rabi a kan wani mai ɗaukar bidiyo. Abin da ya raba mako 13 da wata 30 shi ne girman illar da aka tabbatar a gaban kotu.

Saboda haka ka rubuta ranar da ka sauya hanyar zuwa aiki, da ranar da ka daina zuwa wani wuri da ka saba, da kuɗin da ka kashe a kan kyamarar tsaro ko sabon makulli, da kwanakin aikin da ka rasa, da cinikin da ya kuɓuce maka saboda an tuntuɓi abokan hulɗarka. Ka je wurin likitanka idan barci ya ƙaurace maka ko fargaba ta yi yawa, ka gaya masa dalilin dalla-dalla, domin bayanin da ya rubuta a fayil ɗinka a lokacin ya fi nauyi a kan abin da za ka tuna bayan shekara uku. Zuwan kuma don lafiyarka ne kafin komai. Idan tunanin cutar da kanka ya fara zuwa maka, kada ka jira gobe. Ƙungiyar Samaritans tana amsa waya dare da rana a lamba 116 123.

Ka kai rahoto ga 'yan sanda da wuri. Lambar 101 ta abin da ba na gaggawa ba ce, 999 kuwa ta lokacin da kake cikin haɗari nan take. Ka yi amfani da kalmar bibiya (stalking a Turance) a fili, ka ce ɗabi'a ce mai maimaituwa, ka nemi lambar ƙorafinka da sunan jami'in da ke riƙe da shi, sannan duk sabon abin da ya faru ka sa a haɗa shi da wannan lambar. Idan kowane rahoto ya shiga a matsayin sabon abu a hannun sabon jami'i, jerin da ka sha wahalar ginawa ya watse. Saurin yana da wani dalili kuma: ƙaramin laifin ana sauraronsa ne a kotun majistare, inda a ƙa'ida ake da wata shida kacal a shigar da tuhuma. Ka tambayi jami'in game da umarnin kariya daga bibiya, wanda dokar 2019 ta samar, aka fara aiki da shi a Janairun 2020. 'Yan sanda ne ke nemansa a kotun majistare, ba kai ba, ba sai an sami mutumin da laifi ba, kuma karya shi laifi ne mai hukuncin da ya kai shekara biyar. Idan ka ga ana jan ƙafa, ka kira layin taimakon waɗanda ake bibiya na ƙasa, wanda gidauniyar Suzy Lamplugh Trust ke gudanarwa, a lamba 0808 802 0300. An kafa gidauniyar ne da sunan wata matashiya mai dillancin gidaje da ta ɓace a Landan a 1986, kuma ma'aikatanta sun san yadda ake sa a ɗauki ƙorafi da muhimmanci. Idan masu gabatar da ƙara suka ƙi tuhuma, kana da haƙƙin neman a sake duba shawarar.

Wurin aikinka ma ka sanar da shi a rubuce, ko da ka riga ka faɗa da baki, domin mai bibiya yakan aika wa shugabanni ƙorafe-ƙorafen ƙarya. Ka nemi su adana duk abin da ya aiko musu. Ka sauya kalmomin sirrinka, ka kunna tabbaci mai mataki biyu (wato neman wata lamba ta biyu bayan kalmar sirri kafin a shiga shafinka), ka duba tsofaffin hotunanka ko akwai wanda ke nuna ƙofar gidanka ko makarantar yaranka.

Idan magana ta kai kotu, ka shirya wa jira da kuma tambayoyi masu zafi. Belfield bai ɗauki lauya ba, shi ya tsaya wa kansa, kuma wannan yakan tsorata shaidu. Kotu tana da ikon hana wanda ake tuhuma yi wa shaida tambayoyi da bakinsa, ta naɗa lauyan da zai yi, kana kuma iya neman ka ba da shaida a bayan labule ko ta bidiyo. Ka nemi waɗannan tun kafin ranar zama. Za a ba ka damar rubuta bayanin yadda laifin ya shafe ka, wanda alƙali zai duba kafin yanke hukunci, kuma a nan littafinka zai sake yi maka rana. Akwai kuma hanyar ƙarar neman diyya: a 2023 Belfield ya nemi afuwar Jeremy Vine ya amince zai biya shi diyya a ƙarar ɓata suna. Sai dai wannan hanya tana cin kuɗi, kuma wa'adin shigar da ƙarar ɓata suna shekara ɗaya ne a ƙa'ida, yayin da na tsangwama yake shekara shida.

Mu koma kan matan nan huɗu. An wanke Belfield daga tuhumar da ta shafe su, amma alƙalin, Mai Shari'a Saini, bai sallame su hannu rabbana ba: ya ba da umarnin hana shi tuntuɓarsu ba tare da wa'adi ba, kamar yadda ya bayar a kan sauran huɗun. Doka ta yarda a ba da irin wannan umarni ko da an wanke mutum, idan kotu ta ga akwai buƙatar kare wani daga tsangwama. Don haka ka roƙi mai gabatar da ƙara ya nemi umarnin ko yaya hukunci ya kasance, ka kuma karanta kalmominsa da kyau kafin a kammala shi. Ka tabbata ya haɗa da tuntuɓa ta hannun wani, da ambatonka a bidiyo ko rubutu, da tunzura wasu su yi abin da aka hana shi. Ka karɓi kwafi, ka ajiye ɗaya a gida, ɗaya a waya. Mafi yawan fursunoni a Ingila sukan fito kafin cikar wa'adinsu su ƙarasa sauran a waje bisa sharuɗɗa, don haka ka tambayi jami'in da ke kula da shari'arka yadda za a sanar da kai ranar fitowarsa, da yadda za ka nemi a sa sharaɗin nisantarka. Idan saƙo ya shigo bayan umarnin, ko da gaisuwa ce, ka rubuta rana da lokaci a shafi na gaba na littafin, ka kira 101 da lambar ƙorafinka a hannu.